Sati Shida da Rantsuwa Ɗaya

Sallama gare ku, ku da kuke karanta ni da waya a hannu ɗaya, muciya a ɗayan. Kafin in shiga labarin yau, akwai wata baiwar Allah da ta rubuto mini jiya. Ta ce likita ya gano ƙwayar cutar nan mai kawo gyambon ciki a jikinta, ya haɗa mata magani kala uku, ya ce ta sha kwana goma sha huɗu. Yau kwana biyar, ciwo ya tafi, bakinta kuma ɗaci kamar ta tsotsi kwabo. Wai ta tsaya haka? 'Yata, ni ba likita ba ce, tafireta na koya. Amma tunda kin tambaye ni, ki shanye abinki har ƙwayar ƙarshe, in ɗacin ya dame ki ki koma wurin wanda ya rubuta miki. Kwana goma sha huɗu ne fa kike wa kuka. Mu sati shida muka ƙirga, kuma a cikinsu ne na kusa rasa Shu'aibu.

Shekarar 1978 ce, ina da shekara goma sha tara. Muna zaune a unguwar Rikkos cikin Jos, gidan Malam Lukuman tela, wanda kekensa ke zaure yana ƙara tun hantsi. Shi ne babana. Kullum da safe nakan ɗaura atamfata, in kafa ɗankwali, in rataya jakar littattafai, in hau bas zuwa Bukuru wurin koyon buga tafireta. Bas ɗin kuwa ba kowace ba, ta Shu'aibu.

Ku bari in zana muku shi. Dogo, siriri, da suma tsaye a kai kamar ya ɗauko kwando, da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa wanda ke share lakar tasha kyauta. Kujerar gaba tawa ce, duk tashar ta sani. A ƙarƙashin shimfiɗar kujerar yake ajiye mini takarda, saboda lokacin ba mu da wannan abin da kuke latsawa. Rubutunsa kamar sawun kaji, amma ina karantawa.

*Malama Tafireta, jiya kin yi fushi don na ce ɗankwalinki ya fi ƙarfin ƙofar mota. Na janye. Ƙofar ce ƙarama.*

Manyansa sun riga sun zo gaisuwa sau ɗaya. Baba ya karɓe su da mutunci, ya ce a ba shi lokaci zai yi bincike, bayan Sallah a dawo a ji amsa. Duk wanda ya san Baba ya san abin da yake bincika. Yayata Hassana ta yi aure da wani mutumin kirki mai suna Jika, ashe yana da ciwon ciki da ya daɗe yana ɓoyewa. Wata goma sha ɗaya da biki ya faɗi a wurin aiki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Yaya Hassana ta dawo ɗakinmu da goyo da takaba. Tun ranar Baba ya ce, a gaban kowa, shi ya gama ba da 'ya ga mai ciwon ciki.

To ku riƙe wannan.

Saura kamar sati ɗaya a kama azumi, muka iso Bukuru, fasinja suka sauka, ni na tsaya neman birona da ya faɗi. Ina ɗagowa sai na ga Shu'aibu ya kafa kai da wata kwalba, yana sauke ta gashin bakinsa ya yi fari fat.

"Malam direba, alli ka koma sha?"

Ya yi wuf ya tura kwalbar ƙarƙashin kujera. "Fura ce."

"Fura a kwalbar asibiti? Har da takarda a jiki?"

Ya goge baki da bayan hannu, ya dubi madubi ya ga babu kowa a baya. Sannan ya faɗa mini. Wata uku ke nan cikinsa na ci kamar an zuba garwashi, musamman in yunwa ta kama shi a kan hanya. Kwana huɗu da suka wuce ya yi amai da jini a bayan tasha. Likita ya ce gyambon ciki ne. Ya ba shi wata sabuwar ƙwaya da ba ta daɗe da shigowa ƙasar ba, sau huɗu a rana, da wannan farin ruwan a tsakanin abinci. Babu yaji, babu tsami, babu goro, babu zama da yunwa. Sati shida cif.

"Kuma azumi?" na ce.

"Ya ce bana ba nawa ba ne. Na tambayi malaminmu, shi ma ya ce in sha in rama." Ya juyo ya kalle ni sosai. "Balaraba, ki rantse ba za ki faɗa a gida ba. Sati shida ne kawai. In na warke, ai ba mai ciwo Baba zai ba wa 'ya ba, mai lafiya zai ba."

Kun ji wayon maza? Maganar ta zauna daram kamar gaskiya. Na juya ta a kaina ban ga inda ta karkace ba. Ga idanun nan sun faɗa, ga sauran fari a gefen baki. Na ce, "Wallahi ba zan faɗa ba."

Da bakina na faɗa, babu wanda ya matse ni. Ku rubuta wannan ma, don kada daga baya ku ce ina kare kaina.

Da yamma na leƙa gidan da ke jikin namu, wurin Sista Chinyelu. Nas ce, ta girme ni da kusan shekara goma, a Jos aka haife ta, Hausarta kuwa irin ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya. Na same ta tana goge farar rigar aikinta da dutsen guga na gawayi.

"Sista, wata ƙawata ce take tambaya. Wai in mutum na shan maganin gyambon ciki, sai ya ji sauƙi, zai iya tsayawa?"

Ba ta ko ɗago ba. "Wannan ƙawa naki, yana da gashin baki?"

"Sista!"

"Yana tuƙa farin bas?" Ta kwashe da dariya har dutsen guga na rawa. "Ni ban ji komai ba, ban ga komai ba. Amma ki gaya ma ƙawa naki, ciwo yana gudu da wuri, rami yana nan. Kin taɓa ƙona hannu da mai? Kwana uku zafi ya tafi, amma fata ya rufe? To haka ciki. Kwana goma zai ce ya warke, zai fara yi maki oga. Kada ki yarda. Likita ya ce sati shida, sati shida ne. Ƙwaya da farin ruwa, duka biyu, ba zaɓe ba ne."

Ku 'yan yanzu kuna cewa ƙwayar cuta ce ke haƙa ramin, har an daina cewa madara magani ce. Lokacin babu wanda ya san da wannan, har likitocin. Abin da muka sani shi ne ƙwaya, farin ruwa, madara, da haƙuri.

Aka kama azumi cikin ruwan Agusta, irin wanda ke kwana uku yana yayyafi, sanyi na shiga har cikin ƙashi. Shu'aibu yana da kwana goma a kan magani, kuma kamar Sista ta duba ƙasa, sai ga takarda a ƙarƙashin shimfiɗa.

*Malama, na warke. Jiya na ji ƙanshin tsire ban ji komai a ciki ba. Ina ganin likitan ya ƙara sati ne don ya tsorata ni.*

Na buga masa amsa a tafiretar makaranta, manyan baƙaƙe, don ya san ba wasa nake ba.

*SAURA KWANA TALATIN DA BIYU. ƘANSHI BA CI BA NE.*

Ya bi, ban hana shi yabonsa ba. Amma ina mai tuƙa bas zai ci abinci da rana tsaka a watan azumi, a garin da kowa ya san lambar motarsa? Sai ya samo dabara. In azahar ta gabato ya ajiye lodi, ya kama hanyar Naraguta, can bayan wani tsohon kududdufin haƙar kuza, inda wani Bafulatani abokin babansa yake da ruga. A can ake dafa masa madara, ya ɗan sa wani abu a ciki, ya haɗiye ƙwayarsa a cikin mota, ya dawo. Dabara mai kyau. Abin da bai sani ba, Gwaggo Zulaihatu, yayar Baba, tana da gonar dankali a wannan hanyar.

Gwaggo ba ta shigowa gida, faɗowa take yi. Ranar takwas ga azumi, ina tsakar gida ina wanke wake, sai ga ta da gyale a kafaɗa, takalmi duk laka.

"Lukuman! Fito ka ji abin da bincikenka bai gano ba!"

Baba ya fito da tef ɗin awo a wuya. "Yaya, sannu da zuwa. Ki zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Kwana uku a jere ina ganin motar yaron nan a rugar Hammajoda, rana tsaka. Kwana uku a jere 'yar gidan, Asta, fara sol mai wuya kamar na barewa, tana fitowa da ƙwarya a rufe da faifai tana miƙa masa ta taga. Yana washe mata haƙora! A watan azumi! Ko dai nemanta yake, ko dai ba ya azumi, ko dai duka biyun. Ka zaɓa."

Waken da ke hannuna ya koma cikin ruwa. Baba ya juyo gare ni a hankali.

"Balaraba, kin san wani abu game da wannan?"

Jama'a, nan ne fa. In na ce ban sani ba, na yi wa ubana ƙarya da azumi a bakina. In na faɗi gaskiya, na karya rantsuwa, kuma na miƙa wa Baba daidai abin da ya ce ba zai karɓa ba. In na yi shiru, Shu'aibu ya zama mayaudari mai shan azumi. Ƙofa uku, kowace da kare a bakinta.

Na ce, "Baba, na san ba neman Asta yake yi ba."

"Ji ta!" in ji Gwaggo. "Ta san! A tafireta aka buga miki?"

Baba ya kau da kai daga gare ni. Ya ɗan ja tef ɗin wuyansa, ya ce, "A gaya masa gobe ya zo ya sha ruwa da ni."

"Ni zan yi girkin," in ji Gwaggo. Duk Rikkos an san hannun Gwaggo a yaji. Akwai maƙwabcin da ya taɓa cin miyarta ya nemi a yi masa fifita.

Washegari da safe na faɗa wa Shu'aibu komai, tun kafin mota ta cika. Da na zo kan Asta sai ya fashe da dariya, har ya dafa sitiyari.

"Wuya kamar na barewa? Wallahi ni ƙwaryar kawai nake kallo."

"Ka yi dariya da kyau. Me za ka ce wa Baba?"

"Ba sai na ce komai ba. Tun jiya da dare saƙon Baba ya same ni, yau da azumi na tashi. Zan zo da busasshen baki kamar kowa, in ci abin da aka ba ni, magana ta mutu."

"Ka sha ƙwayar safe?"

"Mai azumi yana shan ƙwaya?"

"Shu'aibu, kwana goma sha tara kawai ka yi."

"Kwana ɗaya ba zai kashe ni ba, Malama." Ya tayar da mota. "Ke dai ki tuna kin rantse."

Ranar ban buga layi ɗaya daidai ba. Malamarmu ta zare takardata ta ɗaga wa aji, ta ce a duba, wai wannan wasiƙa ce ko tsaba aka watsa wa kaji.

Gab da magariba ya iso. Ta labulen ƙofar zaure na leƙa. Ya bar wandon nan mai share tasha, ya sa farar shadda da hula zanna, ya danne sumar har ta yi biyayya. Amma fuskarsa ta yi toka-toka, kuma na ga yadda ya zauna a tabarma, ya ɗan sunkuya, hannu ɗaya a saman cibiya kamar mai gyara aljihu. Na san wannan zaman.

Ni na shigar da kayan buɗa-baki, kaina a ƙasa. Dabino a ƙaramin faranti. Kunun tsamiya a babban kwanon sha, Gwaggo ta zuba tsamiya har yana kama haƙori. Ƙosai a langa, da tulin yaji ja wur a gefe. Sai farfesun kayan ciki a samira, wanda tururinsa kaɗai ya sa ni atishawa. Na ajiye, na koma bayan labule na tsaya. Gwaggo na bayana da muciya, ita ma kunne a miƙe. Yaya Hassana na zaune bakin ƙofar ɗaki tana ba ɗanta kunu.

Aka kira salla. Suka ci dabino, suka sha ruwa.

"Bisimilla, Shu'aibu," in ji Baba, ya tura masa kwanon kunu. "Gwaggonku ce ta dama da hannunta. Ga ƙosai, ka dangwala da kyau, ba ta son a raina mata yaji."

"Na gode, Baba."

Ya ɗauki ƙosai ɗaya. Ya dangwala shi cikin yajin nan har ya canza kala. Na ga hannunsa ya ɗan tsaya a hanya, sannan ya ci gaba. Na waiwaya, idona ya faɗa kan Yaya Hassana, tana goge wa marayanta baki da gefen zane.

Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba.

"Baba, kada ya ci."

A gidanmu 'ya ba ta magana a zaure in uba na tare da baƙo, balle baƙon da ya zo nemanta. Gwaggo ta ce "La'ilaha!" a bayana. Shu'aibu ya ɗago ya kalle ni, ƙosai a hannu, idonsa na roƙona.

"Me ya sa ba zai ci ba?" in ji Baba.

"Gyambon ciki gare shi. Yana kan magani, likita ya ce sati shida, yau kwana goma sha tara. An hana shi yaji da tsami da zama da yunwa. Madara yake zuwa sha a ruga don ya haɗiyi ƙwaya inda ba a ganinsa. Yau ya yi azumi ne don kada ka gane." Sannan na ƙarasa. "Kuma na rantse masa ba zan faɗa ba."

Baba ya miƙa hannu ya karɓi ƙosan daga yatsun Shu'aibu, ya ajiye a gefen langa.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba." Kansa a ƙasa. "Na ji tsoron abin da ka faɗa ne."

"Ka ji tsoron maganata, ba ka ji tsoron ka mutu a tabarmata ba." Baba ya daɗe yana kallonsa. "Jika ma yaron kirki ne. Da ya faɗa mana, da mun kai shi asibiti da ƙafarsa." Ya juya wajen labule. "Saura kwana nawa?"

"Ashirin da uku," na ce.

"To ka ji. Daga gobe babu ruga. In azahar ta yi ka zo nan, ka shiga ɗakin awo ka ja ƙofa, ka ci abinci, ka sha maganinka a gabana. Kwalbar da ƙwayar rana a wurina za su zauna. Ran da kwanakin suka cika, ni da kai za mu je wurin likitan, in ji da kunnena. Ban ce na ba ka ba. Ban ce na hana ka ba. Yaya!"

"Na'am," in ji Gwaggo, murya ta sauka.

"A dama masa koko marar tsami, yanzu. Gobe kuma ke za ki yi masa fate, babu yaji."

"Fate babu yaji? Ai wannan wanka ne, ba abinci ba." Amma ta tafi, ina jin ta tana ƙunƙuni tana hura wuta, wai ita tun farko ta ga yaron ya rame.

"Ke kuma," Baba ya ce da ni, "rantsuwa ba abin wasa ba ce, ko an karya ta don alheri. Kina da abin ciyar da mutum goma?"

"A'a, Baba."

"To bayan Sallah kina da azumi uku."

Kun ji rabon da aka yi. Shi an ɗauke masa azumi, ni an ƙara mini.

Shu'aibu ya sha kokonsa, suka yi salla, ya yi wa Baba sallama. Ya wuce ta gaban labulen ko tari bai yi ba.

Har yau ina juya abin. Wasu za su ce na ceci ransa. Wasu za su ce mace da ta karya rantsuwa sau ɗaya ta nuna hali. Ni dai abin da na sani, da za a mayar da ni bayan labulen nan, zan sake ɗaga shi, kuma zan sake jin kunyar da na ji. Duka biyun nawa ne.

Da safe na sa atamfata mai ruwan goro, wadda ya taɓa cewa ta fi kowace, na tafi tasha. Na nufi ƙofar gaba, sai na tarar da wata tsohuwa zaune a kujerata, da kwandon tumatir a cinya.

"Akwai wuri a baya, Malama," in ji Shu'aibu, idonsa a kan titi.

Na shiga baya, can ƙurya, tsakanin buhun kabeji da wani mutum mai lema jiƙaƙƙiya. Daga Jos har Bukuru bai dubi madubi ba ko sau ɗaya. Na ƙirga, don ni madubin nake kallo.

A Bukuru kowa ya sauka. Na zo wucewa ta gefen tagarsa, na ɗaure fuska, sai na ji ya ce, "Mai rantsuwa."

Na tsaya, ban juyo ba.

"Ban huce ba, kada ki ɗauka na huce."

"Ban tambaye ka ba."

"Azumi ukun nan naki, kada ki yi gaggawa. Ina da ashirin da tara da zan rama. Ki jira ni mu fara tare."

Na gyara jakata a kafaɗa. "Sai likita ya ce ka fara. Kuma sai Baba ya ji da kunnensa."

"In kuma likitan ya ce ramin bai rufe ba?"

Wannan karon babu wasa a muryarsa. Na juyo na kalle shi, ni ma tambayar da ta hana ni sahur ke nan. Sai na ce abin da na sani kawai.

"Azahar, ɗakin awo. Gwaggo ta riga ta jiƙa tsaki."